Rijiyar Tungar Maje

Tungar Maje, ta Burkusuma
Bayan Babbar Salla, Janairu 1974

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa mai yawa da so da aminci, ina fatan wagga takarda ta same ka lafiya kamar yadda ta bar mu. Ya jiki, ya baƙunta, ya sanyin can? Ɗiyarka Tani tana gaishe ka. Ɗanka ma shina gaishe ka. Ya dawo daga Isa tun kafin Salla, ya sauke littafin da shike karantawa wurin yayana Malam Kassimu, har gemu ya fara cika mashi haɓa. Kada ka yi dariya don na rubuta ɗanka. Shekara ashirin da biyu ban kama sunan ɗan fari da bakina ba, ba za ni fara da alƙalami ba.

Yanzu bari in zo ga abin da ya sa na jiƙa tawada. Ka bar gidan nan da kaka, ka ce mani Maraɗi za ka cin rani, ka gina wa mutane rijiya biyu ko uku ka dawo da hatsi. Sai ga Wada bafatake ranar kasuwar Sabon Birni shina ba da labari a rumfar mahauta, wai ya gan ka cikin motar Faransawa an yi arewa da ku, wani gari Arlit, can bayan Agadas. A bakin Wada za ni ji inda mijina shike? Ni ɗiyar kawunka ce tun kafin in zama matarka, don haka za ka ji daga gare ni abin da wata mace ba ta iya gaya maka. Abin nan da ka yi bai kyautu ba, kuma ya ɓata mani rai ƙwarai.

Da na je Isa gaisuwar Salla na tambayi Malam, tunda shi kunnenshi kullum na jikin rediyo, mi Faransawa ke nema da mai ginar rijiya. Ya ce wai duk yaƙin nan ne da anka yi cikin azumi tsakanin Larabawa da Isra'ila. Larabawa sun yi fushi sun rage wa Turawa mai, kuɗinshi ya ninka har huɗu, manyan ƙasashen da ke ba duniya umarni sun koma suna jera motoci a layi kamar mata a bakin rijiya. Faransa ba ta da mai a ƙasarta, shi ne take son ta riƙa samun wutar lantarki daga wani dutse da ke kwance ƙarƙashin Arlit, yuraniyom ko mi. Don haka duk wanda ya iya shiga ƙasa ya fito da rai, suna sonshi. Na ce ashe yaƙin da ban san gabas ɗinshi ba ne ya shigo har ɗakina ya ɗauke mani miji.

Malam ya ƙara da cewa mu kuwa 'yan Nijeriya mun yi arziki, don man a ƙasarmu shike, yanzu Turawa ke gaishe mu. Na dube shi, na dubi tuwon jar dawar agaji da ke gabanmu, wadda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sa baki. Rumbunmu bana dami tara anka zuba, ka sani, kai ka zuba su. Mata sun fara jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci na shekarar yunwa, tun yanzu.

Amma ba yunwa ta sa na rubuto ba, rijiya ce. Ruwanta ya ja baya. Da safe guga na fitowa da rabi, da azahar sai laka. Kowace shekara kai ke shiga ka yashe ta kafin bazara, kuma tun zamanin kakanka ba wanda ya taɓa sauka cikin zurfin nan nata na gaba ashirin da biyu sai ɗan gidanku. To bana wa za shi yashe ta? Ɗanka bai taɓa sa ƙafa ciki ba. Na sani ni na hana, ni na tsaya kai da fata sai ya yi karatu kamar kawunnenshi, kuma har yau ban yi da-na-sani ba. Amma wannan na nufin gari duka, mutane da dabbobi, kai kaɗai suke da shi.

Ka dawo kafin zafi shi kama. Faransawa su nemi masu gina masu rami a garinsu. Ka gaida duk ɗan Gobir da ka gani can.

Ni ce taka,
Hajjo, uwar Tani


Tungar Maje
Farkon Maris 1974

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya aiki, ya ƙura? Mu nan lafiya, sai zafi da ya fara leƙowa. Saƙonka ya iso ta hannun Wada: takarda, da sukari, da turmin atamfa, da wata tocila mai tsawon damtse. Allah shi saka da alheri. Tani ta ƙwace tocilar tana haska ta cikin rumbu, na ce ta bari, ba abin da za ta gani ciki sai ɓera mai baƙin ciki.

Na karanta inda ka ce ka dangwala hannu a takardar kamfani, ba ka da ikon tafiya sai damina. Na karanta sau uku ko za ni ga wata magana a ƙarƙashi, ban gani ba. To ga labarin gida, ka ji yadda anka yi da gadonka.

Arzikin man nan da Malam ke faɗi ya iso Tungar Maje cikin manyan motoci uku. Mutanen gwamnati sun kwana goma sha biyu suna huda ƙasa bayan masallacin idi da wani ƙarfe mai ƙara. Sun kafa tanki bisa ƙafafu, sun aje inji a ɗan ɗaki na kwano. Ranar buɗewa wani mai babbar riga ya tsaya bisa mota ya ce zamanin jan igiya ya wuce, ƙasar da duniya ke roƙon manta ba ta kamata matanta su riƙa kumbura hannu a bakin rijiya ba. Anka murɗa famfo ruwa ya zubo fari tas, mata na guɗa. Ba za ni yi maka ƙarya ba, ni ma na tara tulu, kuma ruwan da daɗi. Anka damƙa mabuɗin injin da duro huɗu na man gas ga Ɗanmusa, ƙanen matar mai gari, wanda ka san ko akuyar gidansu ba a ba shi kiwo.

Abin da ya ƙona mani rai ya biyo baya. Ba a yi kwana bakwai ba wata tunkiya ta faɗa tsohuwar rijiya, don yanzu ba kowa a bakinta da za shi kore ta. Maimakon a fid da ita, mai gari ya ce ba amfani, a rufe kawai kada gobe ɗan mutum shi faɗa. Anka jera gumagumai, anka shimfiɗa zana, anka bi da laka anka shafe kamar kabari. Bajimin nan na gari mai jan wasaki, babban gugan fata na rijiyar, an kai shi kasuwar Isa. Ba wanda ya tako zauren gidan nan ya ce ko da wasa, mi masu rijiya sunka gani. Na aika ɗanka shi gaya wa mai gari a jira ka. Anka amsa mashi da cewa wai ubanshi ma ya gane zamani, shi ya sa ya bar gina ruwa ya koma gina wa Bature wuta. Mutanen da kakanninsu sunka sha daga hannun kakanka ke faɗin haka, kuma har da dariya.

Ɗanka ya dawo gida, ya shiga ɗakinka ya daɗe. Da na leƙa na iske shi tsaye gaban igiyarka da fitilarka ta ƙwai, wadda kake saukarwa rijiya kafin ka shiga, shina share mata ƙura da hannun riga. Na yi kamar ban gani ba.

Malam ya ce yanzu ƙasashen mai sun gane ƙarfinsu, duniya ba za ta koma yadda take ba. Ni dai abin da na gani, da can ruwanmu na hannun mutum guda da na san inda shike kwana. Yanzu shina hannun wani inji da ke cin abin da ba ya tsiro a gonar kowa nan. Amma tunda an ce ba a bukatarka, zauna ka cika alkawarinka. Ni ce dai ke bukatarka, kuma ni ba a tambaye ni ba.

Ka kula da kanka cikin ramin nan nasu. Ka riƙa cin abinci.

Taka,
Hajjo, uwar Tani


Tungar Maje
Ƙarshen Afrilu 1974

Maigida,

Ina gaisuwa. Ina fatan kana lafiya, don mun ji sojoji sun karɓe mulki a Yamai, kuma tun ranar hankalina bai kwanta ba. Malam ya ce yunwa ce ta jawo, wasu kuma na cewa har da rigimar kuɗin dutsen nan da kuke tonowa. Allah shi ne masani. In abin ya taɓa ku can, ka sanar da ni.

Injin ya yi shiru yau kwana goma sha tara. Bai lalace ba, ƙishirwa ce ta kama shi kamar mu. Man gas ya ƙare, an aika Sabon Birni babu, an aika Isa babu, an ce har Sakkwato motoci na kwana a layi. Ƙasar mai ke nan, wadda Turawa ke gaisarwa.

Kuma kowa ya san inda man ya bi. Tunda yaƙin nan ya tada kuɗinshi, can ƙetaren iyaka duro guda ya zama abin da mutum ke sayar da mutuncinshi a kai. Nan gwamnati ta riƙe farashi ƙasa, can ya hau sama, tsakaninsu kuwa tafiyar hantsi ce a kan raƙumi. Da rana tsaka ake wucewa da shi ta bayan Burkusuma, ba a ma ɓoyewa. Duro huɗun da anka ba Ɗanmusa, biyu kawai injin ya sha. Wanda anka ƙaro daga baya ko warinshi ba mu ji ba. Yanzu Ɗanmusa na yawo da sabon babur, in an tambaye shi sai shi ce laifin Larabawa ne. Na tare shi a ƙofar gidan mai gari na tambaye shi ko Larabawan ne sunka saya mashi babur. An ce na yi rashin kunya. Na yarda na yi, kuma gobe in na gan shi za ni ƙara.

Kananzir ma ya bi sahu. Kwalba guda babu a garin nan ko ta magani. Da magariba kowa ke cin tuwonshi ya shige, tocilarka kaɗai ke haske a unguwarmu, har an fara aronta in mace na naƙuda.

Ruwa kuwa sai gulbi, kuma gulbin ya bushe tun tuni, rairayi muke tonawa da ƙwarya mu jira shi tsatso. Da asuba muke fita ni da Tani, sai rana ta take muke dawowa da tulu bibbiyu na ruwa mai launin kunu. Fulanin da sunka gangaro daga arewa shanunsu na faɗuwa a hanya, ungulu sun ƙoshi har ba su tashi in mutum ya zo. Yara uku sun rasu da gudawa cikin mako guda, har da jikar liman.

Yanzu fa an tuna da ƙofar gidanmu. Waɗanda sunka yi dariya su ne ke sallama safe da yamma, a kawo gaisuwa, a tambayi lafiyar Sarkin Rijiya, yaushe za shi dawo. An aika neman masu gina har Tsamaye da Alkalawa, ko da za a karya al'ada a sa baƙo. Ba a samu ko ɗaya ba. Rabi suna wurinku, rabi sun tafi birane inda kuɗin mai ke gina benaye. Sai na lura dattawa sun daina tambayar ka, sun koma kallon ɗanka. In ya wuce za shi masallaci sai a bi shi da ido, a ce jini ba ya ɓata, ɗan gidan rijiya ko bai koya ba rijiya ta san shi.

Maigida, ina jin tsoro, kuma ban saba gaya maka haka ba. Yaron nan ya san Risala, bai san igiya ba. Kuma maganar da anka yaɓa mashi a zauren mai gari tana nan tana cin shi. Ka ajiye masu takardarsu ka taho. In sun hana ka, ka gudo. In ba ka iya gudowa, ka rubuto abin da ake yi, duk abin da ubanka ya gaya maka a bakin rijiya wanda ba ku gaya wa kowa. Ban san ranar da wagga za ta same ka ba, Wada ya ce tun juyin mulkin motocin Agadas sun yi wuya.

Ina jiran amsarka ko ƙafarka.

Hajjo, uwar Tani


Tungar Maje
Talata, tsakiyar Mayu 1974

Maigida,

Gaisuwa a taƙaice, Wada na tsaye a zaure. Ba mu ga amsarka ba.

An gama magana. Jiya anka buɗe rijiya, anka ɗebe gumagumai. Jibi Alhamis da hantsi ɗanka za shi sauka. Ba wanda ya tilasta shi a fili, sun dai yi ta zuwa har ya ce to. Na yi faɗa, na yi kuka, na aika Isa Malam ya zo da kanshi ya ce a dakata. Ɗanka ya durƙusa gabanshi ya ce an binne yara bakwai, shi kuma shina da ƙafa da hannu, kuma sunan gidansu ne ake ja a ƙasa.

Dattawa sun zauna sun haɗa abin da kowa ya taɓa gani kana yi. Za a yi sadakar gumba, za a karanta abin da kake karantawa, liman ya ce ya riƙe shi. Sun ce kuma kullum kana saukar da fitila tukuna har ƙasa, ka daɗe kana leƙe, kana ka shiga. Kowa ya san wannan sallama ce ga masu rijiya, aljannun da ke zaune ciki, don kada a faɗo masu cikin duhu ba sanarwa, haka uwarka ma ta gaya mani tun ina amarya. Fitilarka ba kananzir, an nema har Sabon Birni an rasa. Sai Tani ta tuna da tocila. An gwada ta, haskenta ya fi na fitila sau goma, na sa mata sabon batir da ka aiko tare da ita. Wannan kaɗai ya ɗan sanyaya mani rai, ko ba ka nan, haskenka ne za shi riga shi sauka.

Na duba igiya taku-taku da hannuna, ba inda ta ci. Ka yi mashi addu'a in wagga ta same ka, ko da ta makara.

Hajjo, uwar Tani


Tungar Maje
Farkon Yuni 1974

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Na san labari ya riga takarda, don Wada ya ce ya aika maka da baki tun daga Maraɗi. Amma ba na son ka ji shi gutsi-gutsi daga fatake. Ni na gani, ni za ni gaya maka.

Ranar Alhamis gari duka ya taru. Anka yi sadaka, anka yi addu'a. Anka ɗaura tocila a siririyar igiya anka zura ta har ta taɓa ƙasa. Mutane sunka leƙa sunka ga tana haske ɗas, ba ta ko ƙyafta ba, liman ya ce alhamdu lillahi an karɓi sallama. Ɗanka ya tuɓe riga ya miƙa wa Tani. Ya zo inda nike tsaye cikin mata ya durƙusa. Na kau da kai kamar yadda na saba, na ce Allah shi kiyaye, da muryar da ake gaya wa ɗan maƙwabta. Ya zauna bisa sandar igiya anka fara saki.

Har gaba goma sha biyar shina magana, shina cewa a ƙara. Daga nan ya yi shiru. Sai masu riƙo sunka ji igiya ta yi sako-sako a hannunsu. Anka jawo, sanda kawai ta fito. Maliki maƙeri ya ɗaura igiya a ƙugu ya bi shi, bai kai ƙasa ba anka ga kanshi ya langaɓe, anka fizgo shi da kyar, sai da anka yi ta yi mashi fifita kafin shi farfaɗo. Bayan shi ba wanda ya ƙara gwadawa. Da ƙugiyar fid da guga anka fito da ɗanka bayan la'asar, ba rauni a jikinshi sai ƙujewa a kafaɗa. Tocilarka na can ƙasa tana haske, kwana biyu ana ganinta daga sama kafin ta mutu.

Mutane sun ce masu rijiya ne sunka yi fushi don an rufe su. Na kusa yarda, har ranar Lahadi, ranar sadakar uku, da Wada ya shigo da takardarka. Kwana goma sha ɗaya ta yi a tashar Agadas cikin aljihun direba, motar ba ta tashi ba don ba mai. Na buɗe ta a tsakar gida mata na zazzaune.

Ka rubuta cewa ba wata sallama ga kowa. Ka ce rijiyar da ta daɗe a rufe, balle da mushe ciki, tana tara wata iska mai nauyi a ƙasa, ba ta da wari ba ta da launi, mutum na shaƙarta sai barci. Ka ce wuta mai harshe tana numfashi kamar mutum, inda ta mutu nan mutum ke mutuwa, shi ya sa ake saukar da ita a zuba mata ido. Ka ce kada a kuskura a sa tocila, don ita ba ta numfashi. In ba kananzir, ko karan dawa a kunna cikin kasko a zura, ya isa. In ta mutu a bar rijiya buɗe, a riƙa zura ganye ana jawowa har iskar ta fita.

Karan dawa, Maigida. A ranar nan da safe da karan dawa na dama mashi kunun da ya sha. Wutar na nan cikin murhuna, taku arba'in daga bakin rijiya, har anka fito da shi ba ta gama mutuwa ba.

Magana ce da ba ta cika layi biyar ba. Shekara nawa gidanku na riƙe da ita a ƙirji, kuna barin mutane su ce aljannu ne, don kada kowa shi iya, don a riƙa kawo maku dami da kaka ana kiran ku sarakai? Ko ni da na kwana ɗaki guda da kai shekara ashirin da huɗu ba ka taɓa gaya mani ba. Ina fushi da kai, ina fushi da ubanka da kakanka a kabarinsu, Allah shi gafarta masu shi gafarta mani. Ina fushi da mai babbar rigar da ya ce a yar da igiya bai bar mana abin riƙewa ba, da Ɗanmusa da baburinshi, da mai gari da lakarshi. Ina fushi da Faransawan da za su kunna fitilunsu da abin da ka tono, ba su san akwai wani gari Tungar Maje ba. Malam ya ce yaƙin nan ya sauya wa manyan duniya wurin zama, wasu sun hau wasu sun sauka. Su hau su sauka, ni dai na ga wanda anka saukar. In na gama zagaya duk waɗannan sai in dawo kaina, don ni na hana shi bin ka bakin rijiya, ni na sa batir da hannuna ina murna.

Na ba liman takardarka na ce shi karanta ta ranar Juma'a da ƙarfi, maza da mata su ji. Ya karanta. Asirin gidanku ya ƙare, ni na ƙarar da shi, in ka dawo ka yi mani faɗa in kana iyawa. An yi yadda ka ce. Kwana huɗu ana zura ganye, wuta na mutuwa a gaba goma sha shida, rana ta biyar ta kai ƙasa da ranta. Maliki ya sauka ya yashe ta, shi da ba ɗan gidan kowa ba, kuma ba abin da ya taɓa shi. Ruwa ya dawo. Shekaranjiya kuma motar gwamnati ta kawo duro biyu, injin ya tashi, an yi guɗa. Ni daga rijiya nike ɗiba.

Ba na ce ka dawo don gari ba, gari ya samu ruwa. Ka dawo don akwai kabari bayan masallacin idi da ba ka tsaya a kanshi ba, kuma Tani ba ta barin rigar nan daga hannunta.

Abu guda ya rage. Da ya durƙusa gabana ranar nan, jira shike in dube shi, na kuwa san haka. Kunyar ɗan fari ta hana ni, na kiyaye ta shekara ashirin da biyu ba tare da kuskure ko ɗaya ba, kowa na yabona. Ban taɓa kiran shi ya waiwayo ba. Yanzu ba wanda za ni ji wa kunya.

Allah shi jiƙanshi, shi ba mu haƙuri, shi kawo ka gida lafiya.

Ni ce matarka,
Hajjo, uwar Lawwali